Ranar Da Karen Mota Ya Zama Malamina

Da hutun bara na bi lorin kawuna daga Lafiya zuwa Jos da lodin doya. Ina taƙama da Turancina, ina raina karen motarsa don bai taɓa shiga aji ba.

Muna tsakiyar Hawan Kibo sai inji ya mutu, burki ya ƙi ci, mota ta soma komawa baya. Kawu ya yi ihu, "Sa waigi!" Na tsaya sororo, ban san abin da yake nufi ba. Yaron nan kuwa ya diro daga kan kaya, ya cusa guntun katako ƙarƙashin taya. Ashe waigi ke nan! Da ba don shi ba, da mun faɗa kwazazzabo.

'Yan'uwa malamai, kada mu raina abin da yaro ya koyo a tasha.