Zanen Abdulkarimu da Kufan Garinmu

Muna 'yan firamare a Mashi, kufai ba wurin kallo ba ne. In aike ya biyo da kai ta kangon gida, sai ka yi bisimilla ka ƙara sauri, don manya sun ce masu abu ne suka gaje wurin. Ko Durɓi Takusheyi da ke nan ƙasar Mani, makwancin sarakunan Katsina na dauri, ba wanda ya taɓa cewa mu je mu gani.

Shi ya sa ranar da malamin tarihi ya zaga aji da wani tsohon littafi, ya nuna mana Kano daga saman Dala, muka yi ta mamakin Baturen da ya rasa abin zanawa sai ginin ƙasa. Barth ne, Bajamushen da ake kira Abdulkarimu, wanda ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851. Muka riƙa kai hanci kan takarda, ga soraye, ga dabino, ga mutane mitsi-mitsi.

Sai da na girma na san ba hannu ɗaya ya yi aikin ba. Barth zayyana kawai ya kai gida. Wani gwani a Jamus, Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya ƙawata ta, sannan aka ɗora a dutse. Ga yadda ake bugun: a zana hoton a juye da alli mai maiƙo kan lafaffen dutse, a jiƙa da ruwa, a bi da tawada, ta kama inda maiƙon yake kaɗai, a danna takarda. Aikin haƙuri ne, amma kada a rantse a kan kowane layi. Rabi gani ne, rabi kwalliya.

Barth ya tarar da Katsina ganuwa ta kewaye fili, mutanen ciki ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba a ƙiyasinsa, kasuwa ta koma Kano bayan jihadi. Bature in ya ga kango sai ya zana ya rataye a ɗaki. Mu kuwa mu ce Allahu Akbar, duniya ke nan, gobe a zo da jaki a kwashi ƙasar a yi tubali. Ishara mun ɗauka, shaida ce ba mu ajiye ba.

Samarin Mashi, waya tana hannunku. Tsohon zaure, rumbu, kangon masallaci, ku ɗauki hotonsu kafin damina, ku tambayi tsofaffi na wane ne, ku rubuta.