Bayan Aikin Ƙugu, Hidima Ba Ta Ƙare Ba

'Yan uwa, a nan Bangi mun saba yin karo-karo idan namu zai tafi Kano a sauya masa ƙashin ƙugu. To, wasu na dawowa da ciwon baya mai hana barci. Wanda ya daɗe yana ɗingishi bayansa ya saba da karkata, da ƙafa ta miƙe sai ya koka. Mun ga amfanin gashin ƙashi, tattaki kaɗan-kaɗan, sallah kan kujera, da haƙura da hawa babur zuwa Kontagora. Ban da zuwa wurin mai ɗori, ban da yawan shan diclofenac, yana taɓa ƙoda. In ƙafa ta daina ji ko fitsari ya ƙwace, asibiti a ranar. Allah ya ba su lafiya.