Akwatin Ƙarfe da Buhun Dawa

A ƙauyukan Hausawa na wajen Rufa'a, a ƙasar Sudan, in za a aika da kayan gida a lori, akwatin ƙarfe akan nema. Ruwa ba ya shigarsa, ɓera ba ya cinsa, ko an ɗora masa buhu goma ba ya lotsewa. Mata sukan naɗe tangaran cikin zannuwa, su jera kwanuka ƙarami cikin babba, su cusa auduga tsakani, gama Jazira ta san auduga tun da aka gina madatsar Sinnar a 1925. Kwali kuwa na mai gaggawa ne, igiyar ɗauri ma takan yanka shi.

Amma a Disamba 2023, da mayaƙan RSF suka kama Wad Madani suka shiga Rufa'a, sai dabarar ta juye. Akwati mai kwaɗo shi ɗan bindiga yake fara nunawa a shingen hanya. Wata gwauruwa ta zauna tsakar gida, ta zazzage nata, wanda aka kawo ta ɗakin miji da shi. Ta ɗauko tsohon buhun dawa. Takardun gona da na makarantar yara ta sa a leda, ta ɗinke cikin matashin kai. Sai tukunya ɗaya, bargo biyu, da buta. Kakanninta ma, da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, abin da jaki zai iya ɗauka kaɗai suka ɗaura.

Mai lorin Gadarif ya ce kowa ƙunshi ɗaya. Akwatin kuwa ta bar shi a buɗe, don kada a fasa shi.