Gure: Yadda Gita Ke Tsira Daga Rana, Ƙura Da Igiyar Yaron Mota

Matafiyin da ya bar Damagaram ya miƙi gabas a kan babbar hanya mai lamba 1, zai wuce Mirya da lambunanta, ya wuce Gidimuni inda ruwa ke kwance cikin kwari tsakanin dabinai, ya ratsa Gidigir, sa'an nan bayan kimanin kilomita 160 ya hango duwatsun da garin Gure ya jingina da su. Nan ne tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdulkarim, ya yada zango a garin a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, har ya gana da Muniyoma Koso. Daga Gure ne kuma aka ja kwaltar da ta kai Gigimi a farkon shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada, wadda aka raɗa wa suna Hanyar Haɗin Kai.

Gure garin Barebari ne tun asali, amma kasuwarsa da Hausa take ciniki. Mangawa, Fulani, Buzaye, Tubawa da Larabawa duk a nan suke haɗuwa, kowa da abin da ya kawo: kanwa da manda daga kwaruruka, dabino, tabarmin kaba, cuku, raƙuma da awaki. Kwalta kuwa tsinke guda ce tak, daga yamma zuwa gabas. Wanda zai yi arewa wajen Kelle da duwatsun Kutus, ko ya zarce Taskar da Tarmit, ko ya gangara kudu wajen iyakar Nijeriya, mafi yawan tafiyarsa cikin rairayi ne, a bayan kat-kat ko a kan kamiyo.

A tashar motar garin, tsakanin buhunan kanwa da ƙunshin tabarmi, wani lokaci ido kan faɗa kan wani kaya dabam: gita, da ampili, da bafal guda biyu, da wayoyi a naɗe cikin tsohon buhun shinkafa. Na makaɗan zamani ne da aka gayyato bikin aure, ko taron siyasa, ko wayar da kan jama'a da wata ƙungiya ta shirya a ƙauye. Kayan nan su ne jarinsu baki ɗaya, kamar yadda raƙumi yake ga mai fataucin kanwa. Idan wuyan gita ya karye a Gure, ko ampili ya ƙone, mai gyaran ƙwarai sai an koma Damagaram, wani lokaci ma sai Kano. Biki kuma ba ya jiran kowa.

Gita ba baƙuwa ba ce a Nijar, amma ta ƙara yaɗuwa ne ta hanyar samarin Buzaye da suka dawo daga Libiya da Aljeriya. A zamanin tawaye, daga 1990 zuwa 1995, kaset-kaset ɗin Abdallah Umbadugu da ƙungiyarsa Takrist n'Akal a ɓoye ake sauraron su. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 kiɗan ya fito fili, ya zama kiɗan biki, har ya kai su Bombino da Mdou Moctar manyan dandali na Turai da Amurka. Shi Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Ƙasar Gure ma ta ba da nata gwani: marigayi Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar, a lokacin da Taskar ke ƙarƙashin Gure. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, daga bisani a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram a wurin dattijo Bukar Tar, ya zagaya duniya da wannan abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, har rasuwarsa a 2018.

Sai dai tsakanin gurmi da gita akwai rata. Gurmi ɗan ƙasa ne: ƙwarya, fata da sanda. Idan ya fashe, kafin la'asar an sami wata ƙwaryar. Gita kuwa an ƙera ta ne a ƙasashe masu laima, da siraran alluna da aka manne da gam, kuma masu ƙera ta sun fi son ta zauna inda laimar iska take kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Gure, inda ruwan shekara bai cika nisa da milimita 300 ba, laima kan sauka ƙasa da kashi 20 idan hunturu ya kankama. Katako kan bushe ya tsuke. Alamar farko ita ce ƙarafan da aka jera a wuyan gita su fara leƙowa ta gefe suna kartar yatsu. Ta biyu, fuskar gitar ta tsage daga ƙarƙashin jakinta, wato ɗan katakon da tsarkiyoyi ke hawa. Tsarkiyoyi shida na gitar da ba ta lantarki ba suna jan wannan jaki da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. To, idan bazara ta zo, inuwa kanta ta haura digiri 40, aka ɗaure baƙin akwati a kan rufin mota tun hantsi, zafin cikinsa na iya kaiwa inda gam zai yi laushi. Daga nan jaki ya ɗaga, ciniki ya ƙare.

Ƙura kuma aikinta a hankali take yi. Rairayin da ke binne kwaruruka da gonaki a wannan yanki, har ake kafa masa shingayen kirare don a tsayar da shi, shi ne dai ke shiga cikin maɓallan ampili. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar nan mai kama da suyar gyaɗa lokacin da makaɗi ya murɗa sauti a tsakiyar taro, ƙura ce ya ji. Na ukunsu kuwa shi ne igiyar yaron mota. Shi ba ya bambanta gita da buhun gero. Aikinsa kada kaya su faɗi, sai ya taka da ƙafa ya ja iya ƙarfinsa. Ba laifinsa ba ne.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai kaya ita ce: akwati ko jaka? Masu kawo kaya daga kasuwar Sabon Gari ta Kano sun san akwatin da ake kira rak. Ma'auninsa ɗaya ne a duniya duka: faɗin fuskar na'ura inci 19, wato santimita 48 da ɗoriya, tsayi kuma ana ƙirga shi gida-gida, kowane gida santimita 4 da rabi saura kaɗan. Ana ɗaure ampili da na'urorin gyaran sauti a ciki da kusoshi masu murɗi, a haɗa wayoyinsu sau ɗaya, in an isa wurin wasa sai a cire murfin gaba da na baya kawai. Amfaninsa a fili yake. Wayar da ba a cirewa a mayar kullum ta fi daɗewa, kuma makaɗin da ya iso bayan magariba ba ya neman tocila don ya gane wace waya ce ta ina.

Amma akwatin da aka yi da katako mai kauri, da gefunan alminiyom da kusurwoyin ƙarfe, mai gida huɗu kawai yakan kusanci kilo 10 tun babu komai a ciki. An yi shi ne domin babbar mota da daɓen siminti, shi ya sa ake sa wa manyansa tayoyi. A Gure tayar akwati ado ce kurum: taku biyu daga bakin kwalta ta nutse. Abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne mariƙai, su kasance biyu, ɗaya a kowane gefe, masu kwantawa cikin jikin akwatin, domin mutum biyu ne za su ɗauke shi, su miƙa shi sama, su sauko da shi. Makullai ma su zama a nutse, don wanda ya fito waje shi igiya ke fara tsinkewa. Ya duba bakin murfi ko yana haɗuwa ƙam, ba tare da kafar da ƙura za ta bi ba. Ya auna zurfin na'urarsa har da kan wayoyin da ke bayanta, don sau da yawa akan sayo akwati a tarar murfin baya ya ƙi rufuwa. Mai nauyi a ƙasa ake sa shi, a kuma bar gida guda babu komai a saman ampili domin iska, tun da na'urar da aka yi wa lissafin sanyin Turai za ta yi aiki ne a filin da ƙasa ke huci har dare.

Akwai wani iri mai tsada, akwati cikin akwati, da soso mai kauri a tsakaninsu yana shanye girgiza. Ga ƙungiyar da ke bin hanyar Taskar da kaya masu daraja, kuɗinsa ba asara ba ne. Akwai kuma jakar rak, mai gida biyu zuwa huɗu, ƙashinta katako ne marar nauyi, an lulluɓe shi da soso da yadi mai ƙarfi, ana rataya ta a kafaɗa. Ita ta dace da wanda ke hawa kabu-kabu ko ya rungumi kayansa a gaban mota. A kan rufi kuwa, ƙarƙashin buhu, ba ta da wata kariya. Gaskiyar magana ma, mafi yawan makaɗan wannan yanki ba su da buƙatar rak sam. Abin da suke da shi ƙaramin ampili ne da ke haɗe da lasifikarsa, wani ma da batirin mota yake aiki. Wannan riga yake so mai soso, da ɗan allo a gaban lasifika don kada wani abu ya huda ta.

Ita gita kanta, hukuncinta ya danganta da inda za ta zauna a mota. Idan sama za ta hau, sai akwati mai tauri wanda ya yi daidai da jikinta, ba ta motsi a ciki. Idan a jaka take, to kada ta rabu da mai ita, ko da zai biya mata kuɗin kujera. Kuɗin kujera daga Damagaram zuwa Gure bai kama ƙafar kuɗin sabuwar gita ba. Jaka ta ƙwarai ana gane ta da kaurin sosonta, da matashin da ke tallafe wuya, da zif mai manyan haƙora, domin mai ƙananan haƙora rairayi kan cinye shi cikin hunturu guda. Inda gita ta fi karyewa shi ne mahaɗar wuya da kai, don haka a cusa rawani ko tsohuwar riga a kewaye wurin, a kuma ɗan sassauta tsarkiyoyi kafin doguwar tafiya. Baƙin akwati a rufe shi da tabarma ko farin zane. Masu gitar katako suna da wata dabara mai arha: ɗan soso mai danshi, an matse shi sarai, cikin gidan sabulu da aka huhhuda, a ajiye a cikin akwati lokacin hunturu. A buɗaɗɗiyar jaka ba ya aiki sai an fara naɗe gitar cikin leda, da damina kuma a cire shi.

Wani abin mamaki shi ne, ƙasar da ta fi kowa sanin ɗaurin kaya ita ce ke barin gita tsirara. Kakannin mutanen nan sun yi wa kowane kaya mazubinsa: gafaka ga littafi, taiki ga hatsi, salka ga ruwa, tandu ga mai, mangala ga jaki. Dukawan Damagaram har gobe ana yabon aikinsu na fata, telolin Kasuwar Dole kuma suna ɗinka tamfol da kujerar babur. Wanda ya kai musu gita ya ce a zana siffarta a kan kwali, a sa sosan katifa tsakanin tamfol biyu, a ƙara fata a gindi da wajen mariƙi, zai sami jakar da ta fi da yawa daga cikin na kanti ƙarko. Kafinta ma yana iya haɗa akwatin rak, in dai an ba shi ma'auni daidai, aka kuma sayo masa ƙarafan nan biyu masu huji da ake ɗaure na'ura a kansu. Su ne kaɗai ba a yi da ka, domin tazarar hujinsu ƙa'ida ce.

Dalilin wannan sakaci kuɗi ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100, duk kayan waje suka yi tsalle. Tun daga lokacin aka saba da sayen abin kiɗa a bar gidansa, kuma mafi yawan abin da ke shigowa na hannu ne, ya riga ya rabu da akwatinsa tun a tashar jirgin ruwa. Ɗan kasuwan da ke kawo gita goma ba tare da jaka ko ɗaya ba ya bar riba a ƙasa. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan kiɗa na gidan matasa ko na wata makaranta kuwa, ya kamata layin akwatuna ya fito cikin takardar kuɗin tun farko, domin kayan hukuma hannuwa da yawa ke ɗaukar su, kuma babu mai jin zafinsu kamar mai abu. Ya kuma duba bayan kowace na'ura ta hannu: wadda aka yi domin Amurka wutar 110 zuwa 120 take ci, ta Nijar kuwa 220 ce. A rubuta lambar da fenti a kan murfin akwati, inda mai tayar da gurup zai gani kafin ya jona.

Idan mota ta tsaya aka sauke kaya, makaɗan da suka daɗe a kan wannan hanya ba sa gaggawar buɗewa. Sukan ja akwatunan zuwa inuwar bedi ko cikin zaure, su kakkaɓe ƙurar da ke bakin murfi da tsumma, su bar katako ya huce kamar rabin sa'a yayin da ake dafa shayi. Sai bayan nan ne ake fito da gita a ɗaure tsarkiyoyinta, yara kuma su fara taruwa a bakin ƙofa.