Tuntuɓen Harshe Da Gigin Tsufa

Sunan gari kamar sunan mutum yake, babu mai son a ɓata masa shi. Mutumin Ƙaraye zai iya jurewa ka ce masa kasuwarsu ta ja baya, amma ka cire masa lanƙwasar nan ta farkon sunan garinsu, nan take za ka ga fuskarsa ta canza ko da bai ce maka uffan ba. Ni mazaunin Masanawa ne ta ƙasar Kabo, kuma na haura shekara 20 ina riƙe da alli a makarantun sakandare na tsakanin Kabo da Gwarzo. Babban ɓangare na aikina shi ne gyara wa yara baki da alƙalami. To, a 'yan shekarun nan sai ga wannan ƙaramar magana ta faɗin suna ta tsallaka daga aji ta shiga siyasa. Da zarar wani dattijon shugaba ya yi tuntuɓe da sunan gari ko na ƙasa, sai matasa su yi ta yawo da shi a wayoyinsu, ana dariya ana cewa tsufa ya gama da shi, ya sauka ya huta. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne, ko wannan ma'auni ya isa a yanke wa mutum hukunci da shi.

A iya abin da na lura, ɓata sunan gari iri uku ne, kuma kowane da nasa dalili.

Na farko shi ne na baƙo, wanda harshensa bai saba ba. Wannan mun gaje shi tun zuwan Turawa. Su ne suka ji Sakkwato suka rubuta Sokoto, suka ji Tsafe suka rubuta Chafe, Kwantagora ta koma Kontagora, Haɗeja ta koma Hadejia. A ƙetaren iyaka kuma Faransawa suka bi da nasu salon, Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, lokacin kuwa an riga an buga taswirori an kafa alluna. Shi ya sa har gobe allon bakin hanya ba ya bambanta Ƙiru da Kura, alhali Bahaushe ya san kura daban, ƙura daban. Baƙon da ya karanta abin da ya gani a allo bai yi laifi ba. Ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu yakan yi wata uku yana kokawa da sunan Gwarzo, yara na ƙyalƙyala dariya, amma kafin ya gama shekararsa sai ka ji ya faɗe shi daram.

Na biyu shi ne na ɗan gida wanda bai damu ba. Wannan Bahaushe ne, harshensa lafiya lau, garin ne bai sani ba. A wani yaƙin neman zaɓe an taɓa kawo mana wani ɗan takara, matashi ne da bai fi shekara 45 ba, ya hau mota ya ɗauki lasifika ya ce yana gaida mutanen Musawa. Musawa kuwa tana can Jihar Katsina. Aka raɗa masa a kunne, ya gyara, ya ci gaba da jera alkawura daga takardar da aka rubuta masa. Wani tsoho da ke gefena ya ce, wanda bai riƙe sunanmu na minti biyar ba, ina zai riƙe alkawarinmu na shekara huɗu? Mazaɓun ƙaramar hukumar Kabo guda 10 ne kacal, irin su Garo da Gude da Godiya da Durun da Dugabau da Masanawa. Mai neman wakiltar mutane da ya kasa bambanta su, shaida ce bai taɓa taka su ba sai ranar neman ƙuri'a.

Na uku shi ne wanda ake ta surutu a kansa, wato na tsufa. A watan Yunin 2015 marigayi Muhammadu Buhari, yana ɗan shekara 72, ya ambaci ƙasar Jamus da sunan Jamus ta Yamma, alhali an haɗe Jamus ɗin biyu tun 1990. A yaƙin zaɓen 2019 a Jihar Delta ya miƙa wa ɗan takarar gwamna tuta yana kiransa ɗan takarar shugaban ƙasa, sai da aka yi ta gyara masa. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. A 2017 Donald Trump na Amurka ya tara shugabannin Afirka yana yabon wata ƙasa wai ita Nambiya, wadda babu ita a taswira. A watan Fabrairun 2024 Joe Biden ya kira shugaban Masar da shugaban Meksiko, a watan Yuli kuma ya gabatar da shugaban Yukiren da sunan Putin, mutumin da yake yaƙarsu. Kafin watan ya ƙare ya janye daga takara, yana da shekara 81.

To, me waɗannan suke nunawa? Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san cewa taswirar da ke kansu ta zamanin ƙuruciyarsu ce. A garinmu akwai dattawan da har yanzu suke kiran ƙaramar hukuma da En'e, suke kiran Legas da Ikko, suke lissafin kuɗi da fam da sule. Amma je ka da rigimar gona wurinsu, za su faɗa maka inda iyakar kowa ta tsaya tun daga kakansa, har da bishiyar da aka yi shaida da ita. Uwa mai 'ya'ya da yawa takan kira sunan uku kafin ta faɗa kan wanda take nufi, kuma ba wanda ya ce ta zare. Saboda haka tuntuɓen harshe shi kaɗai ba hujja ba ne. Mu malamai ba ma kayar da yaro saboda amsa ɗaya da ya kuskure a aji. Muna duba aikinsa na zango guda: shin in an gyara masa yana ganewa? Shin yana iya bin magana daga farkonta zuwa ƙarshenta? Shin abin da ya faɗa jiya ya dace da na yau? Wanda ya yi suɓutar baki ya farga ya gyara, daban yake da wanda ake gyara masa yana kallon mutane bai san me ya faru ba.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka ina wanke tsufa ne. Tsufa gaskiya ne, kuma addininmu ma ya gaya mana akwai matakin rayuwa da mutum yake kaiwa ya manta abin da ya sani. Shi kansa Buhari, a wannan wata na Yunin 2015, ya gaya wa 'yan Nijeriya mazauna Afirka ta Kudu cewa ya so a ce ya samu mulki yana da sauran ƙuruciya, domin a shekara 72 akwai iyakar abin da zai iya. A 2017 ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. Wannan ba abin dariya ba ne, abin tausayi ne a kan mutum, abin tsoro kuma a kan ƙasa. Domin idan mai kujera ya gaza, kujerar ba ta zama haka nan, wasu ne da ba wanda ya zaɓe su suke mulki da sunansa.

Sai dai tarihinmu ya nuna gazawa ba ta tambayar shekaru. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa malami ne mai tsararriyar magana, ba a san shi da ɓata sunan gari ba. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi zuwa Jidda, ƙasa ta zauna kwana 78 babu wanda aka miƙa wa ragama, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 Majalisar Tarayya ta ɗora mataimakinsa a matsayin muƙaddashi bisa hujjar larura. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010 yana da shekara 58. Haka Jihar Taraba ta shiga ruɗani bayan haɗarin jirgin saman da gwamnanta Ɗanbaba Suntai ya yi a 2012, yana ɗan shekara 51. A ɗaya gefen kuma, Nelson Mandela ya karɓi mulkin Afirka ta Kudu a 1994 yana da shekara 75, ya riƙe ƙasar da ke gab da wargajewa, ya yi wa'adi ɗaya ya sauka da ƙafarsa a 1999. Ƙuruciyar ma mun gwada ta: Yakubu Gowon shekararsa 31 da ya hau a 1966, Murtala Muhammad 36 a 1975, kuma kowa ya san alheri da masifar da aka gani a waɗannan shekaru.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda dokokinmu suka bar wannan ƙofa a buɗe. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35. Mu malaman makaranta, dokar tarayya ta 2022 ta ce shekara 65 ko aikin shekara 40. Alƙalan manyan kotuna 70. Kafin a ɗauki yaro makarantar kwana ma sai ya kawo takardar likita. Amma mai neman riƙe mutum fiye da miliyan 200 ba a yanka masa iyaka ta sama ba, kuma ba a tilasta masa ya nuna wa jama'a lafiyarsa ba. Gyaran da aka yi a 2018 ƙasa ya taɓa, aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Sashe na 144 na tsarin mulkin 1999 ya yi tanadin sauke shugaban da ya gaza, amma dubi hanyar: sai kashi biyu cikin uku na majalisar zartaswa sun amince, sannan shugaban majalisar dattawa ya naɗa likitoci biyar, ɗaya daga ciki likitan shugaban ne. Wato ministocin da shi ya naɗa su, waɗanda saukarsa ita ce saukarsu, su ake jira su ce maigida ya gaza. Wa zai sare reshen da yake zaune a kai? Shi ya sa ba a taɓa sauke shugaba ta wannan hanya ba, har a kwanakin nan 78 da ƙasa ta yi babu matuƙi.

Wasu za su ce a yanka iyaka kawai, a ce daga 70 ko 75 ba takara. Yuganda tana da irin wannan iyaka ta 75, da ta matso kusa da mai mulki sai majalisa ta goge ta a 2017. A Kamaru babu ita, Paul Biya da ya hau tun 1982 ya sake tsayawa a 2025 yana da shekara 92 aka ce ya ci. A Tunisiya kuwa a 1987 likitoci aka tara cikin dare suka sa hannu cewa Habib Burgiba ya gaza, Bin Ali ya haye kujerar ya yi shekara 23 a kai. Ashe iyakar shekaru tana iya gogewa, takardar likita ma tana iya zama makamin juyin mulki, muddin a ɓoye ake yin abin.

Ni a nawa ɗan tunanin, maganin shi ne a fito da komai fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk mai neman shugaban ƙasa ko gwamna, ɗan 35 ne ko ɗan 80, likitocin da ba shi ya zaɓe su ba su duba shi, a sanar da jama'a ko zai iya ɗaukar nauyin. A maimaita haka a tsakiyar wa'adi. Sannan a wajabta masa zama gaban jama'a ya amsa tambayoyi na sa'a biyu babu takarda a hannu, maimakon a bar wa ɗan takara zaɓi, kamar yadda manyan 'yan takara biyu suka ƙi shiga muhawarar 2019. A irin wannan zama ne za a gane wanda harshensa ne kawai ya yi tuntuɓe, da wanda tunaninsa ya tafi, da kuma wanda bai taɓa sanin ƙasar ba tun asali.

Muna da abin koyi a gida. A 1812 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana wajen shekara 58, ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a 1817. Ba wanda ya kore shi, kuma girmansa bai ragu ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan haka yake. Amma hangen nesa daban, ɗaukar kaya daban, kuma dattijon ƙwarai shi ne wanda ya san ranar da zai sauke ya koma ba da shawara.

Ga matasanmu masu dariya kuwa, ina roƙon su rage wa tsofaffi, domin kowa ya daɗe zai ga daɗau. Su mai da hankali kan wanda yake zuwa da ƙuruciyarsa da ƙoshin lafiyarsa ya kasa faɗin sunan mazaɓarsu. Sunan gari ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa mutanen Ƙunci suka nemi a canza wa ƙaramar hukumarsu suna, gwamnatin Kano ta mai da ita Ghari a 2024. Mai mulkin da ya san sunan ƙauye, ya san hanyarsa da damina, ya san ko makarantarsa tana da rufi, shi ne zai tuna da shi ranar rabon kasafi. Idan zaɓe ya zo a tambayi kowane ɗan takara, tsoho da yaro, ya lissafo mazaɓun da yake so ya wakilta da abin da ke damun kowacce. Allah Ya ba mu shugabanni masu lafiya da adalci, Ya sa mu tsufa da hankalinmu, amin.