Furen da ke ƙarƙashin randar Inna

Wannan wata zancen fure zan yi muku, ko da yake na san wani zai ce mutumin da bai gama gyaran rufin ɗakinsa ba ina shi ina fure. Haka Inna ma ta faɗa ranar da na shigo da shi gidanmu na Umdurman a shekarar 2017.

Na saye shi ne a lambun tsirrai na Mugran, wanda aka kafa a 1954 kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, lokacin baje kolin furanni da aka saba yi duk shekara. Mai mashtal ɗin ya ce sunansa begoniya. Ganyensa mai sheƙi kamar an shafa masa man shanu, furensa ja ƙanana. Inna ta dube shi ta ce, "Yana shiga miya?" Na ce a'a. "Ana ƙunshi da shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma kan lallenta da yakuwarta.

Na farko bai yi wata biyu ba ya mutu, laifina ne kuwa. Na ajiye shi a tsakar gida gefen jahannamiyya, ita kuwa jahannamiyya rana abincinta ce. Begoniya asalinsa ɗan daji ne mai inuwa da laima; irin nawa kakanninsa daga Barazil suke, sunan ma na wani gwamnan Faransa ne, Michel Bégon. Nan kuwa a watan Mayu zafi yakan wuce digiri 40, iska a bushe, habub ya taso ya lulluɓe ganye da ƙura. Da na ga yana yaushi sai na dinga zuba masa ruwa safe da rana da yamma, ashe kashe shi nake yi. Da na tuge shi, saiwar ta ruɓe ta yi baƙi.

Na biyu Inna ce ta raya shi, ba don tana son sa ba, sai don ba ta iya ganin an yi asarar kuɗi sau biyu. Ta ɗauke tukunyar ta kai ƙarƙashin rakuba, ta tura ta gindin zir, wato randar nan da ke kan ƙafar ƙarfe. Wanda ya tashi a Sudan ya san wurin: ƙasa kullum a jiƙe, iska da sanyi-sanyi, rana ba ta kai wa sai ta hantsi. Ta juye ƙasar da na sa, ta haɗa gurera ta bakin kogi da yashi da ɗan busasshen taki, ta huda gindin tukunyar. Dokarta ɗaya ce: a sa yatsa a ƙasa, in da danshi kada a zuba. Bayan kowane habub kuma takan goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, tana mita. Shekara shida yana nan, maƙwabta suna zuwa yankar reshe.

Sai yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Muka yi ta haƙuri har ruwan famfo ya ɗauke, sannan muka hau mota zuwa Gadarif wurin dangin Baba. Kowa jaka ɗaya. A Wad Madani Inna ta kwance bakin tobinta don ta biya kuɗin shayi, sai na ga reshe uku naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce, "Kada ka ce komai." Ban ce ba.

Biyu suka yi saiwa cikin kofin ruwa. Amma Gadarif ba Umdurman ba ce. Can damina ta gaske ake yi, ga baƙar ƙasar nan ta noman dawa da riɗi mai riƙe ruwa kamar kwaɓaɓɓen gari. Abin da ya ceci furen a gida shi ya kusa hallaka shi a can: mun sa shi gindin randa, a watan Agusta ganye ya fara fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ɗaya ya ruɓe. Dole muka ɗaga na ƙarshen muka rataye a bakin rumfa inda iska ke kaɗawa, muka ninka yashi, muka daina jiƙa ganyen.

Inna ta rasu a Gadarif a 2024, Allah ya jiƙanta da rahama. Na koma Umdurman bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris 2025. Na tarar babu ƙofa, babu gadaje, zir a fashe. Ƙafar ƙarfen kaɗai aka bari. Na sayi sabuwar randa tun kafin in sayi katifa, matata tana yi mini dariya. Tukunyar tana gindinta yanzu. Wanda ke son reshe ya zo bayan sallar Juma'a, ya taho da tsummansa.