Garin Neman Gira Mun Rasa Ido

A wannan wata labarin kanmu za mu ba ku, domin wanda ya ji ya tsira daga irin asarar da muka yi.

Mu biyu ne, wa da ƙane, muna sana'ar haɗa bidiyon biki da suna a nan Garwa. Duk wanda ya san garin ya san zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana kan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci kwamfutarmu takan yi ta huci, aikin awa ɗaya ya koma na uku. To, a shekarar 2022 da muka ɗauki adashi, sai muka yi shawarar haɗa wata da hannunmu, wadda ruwa zai riƙa sanyaya ta. Dabarar irin ta mota ce: ƙaramin famfo ya tura ruwa ta tiyo zuwa farantin tagulla da ke zaune a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ruwan ya kwashi zafi ya kai lagireto, fankoki su huce shi, ya sake zagayowa.

Kaya suka iso daga Duwala, muka kwana muna ɗauri. Da muka kunna, ba a yi minti biyu ba zafin ƙwaƙwalwar ya haura digiri 95, ta kashe kanta. Ba mu tsaya duba komai ba muka yanke hukunci cewa famfon ne ba shi da kyau, alhali da mun ɗora yatsa a kansa da mun ji yana motsi. Muka aika a kawo wani, mako biyu suka wuce, ga bidiyon auren mutane yana jira, uwar amarya kullum tana aiko yaro.

Wajen sauya famfon ne aka yi ɓarnar. Muna sauri, muka ɗaure bakin tiyo ɗaya a karkace, zoben robar da ke ciki ya tauye. Ƙa'ida ita ce a kunna famfo shi kaɗai, sauran kayan babu wuta, a shimfiɗa takarda mai shan ruwa a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar shi ya yini ya kwana. Mun san da haka, amma muka ce ba mu da lokaci. Da muka ga ɗigo a kan katin hoto, sai muka goge da tsumma, muka jira awa ɗaya muka sake kunnawa. Ashe ruwan ya shige ƙarƙashin ƙananan kayan da ke jikin katin. Ƙauri kawai muka ji. Katin nan shi ya fi komai tsada a cikin akwatin.

Washegari muka kai ta wurin wani dattijo maƙwabcinmu mai gyaran rediyo da talabijin, wanda bai taɓa ganin irinta ba. Ya ce, "Yara, ku kwance mini daga inda zafin yake farawa." Da muka ɗaga farantin tagullar, sai ga siririyar ledar da kamfani ke mannawa a ƙasansa, ba mu ɓare ta ba. Ita ta hana zafi ratsawa tun ranar farko. Famfon da muka zarga lafiyarsa lau. Muka ce, "Baba, yanzu wannan ce ta ci mana adashi?" Ya ce ledar ba ta ci komai ba, mu ne muka ƙi dubawa.

Shi ne kuma ya hana mu zuba ruwan rijiya, don yana barin gishiri da gansakuka a tiyo. Sai tataccen ruwa, wanda babu asid a cikinsa. Daga baya muka ƙara sanin cewa ba a haɗa tagulla da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, domin alminiyam ɗin yakan cinye.

Bidiyon auren a kwamfutar aro muka gama shi, muka je har gida muka ba da haƙuri, muka rage kuɗin aiki. Wata biyar muka yi muna tara kuɗin wani katin. Yanzu in wani abu ya tsaya mana, abu ɗaya muke taɓawa a lokaci guda, mu fara da mafi sauƙi, mu rubuta abin da muka gani kafin mu sayi ko da noti. Idan kuma ruwa ya taɓa kayan wuta, sai mu zare waya mu bar su kwana biyu ko uku su bushe sarai, ko wa ke jira a ƙofar shago.

Ledar nan tana nan manne a bangon shagonmu. Duk yaron da ya zo koyon aiki, ita muke fara nuna masa.